Yadda ake sauraron kundin Leprosy na ƙungiyar Death

Death ƙungiyar makaɗa ce ta Amurka da ta yi kiɗa mai tsananin ƙara da ake kira death metal. An fitar da kundin waƙoƙinta na Leprosy a 1988, an naɗe shi a situdiyon Morrisound da ke Tampa a jihar Fulorida ta Amurka. Waƙoƙi 8 ne, ba su kai minti 40 ba.

1. Sa hedifon mai rufe kunne. Sifikar waya tana cinye kaurin ganga, sai ka ji hayaniya zalla.

2. Kashe ƙarin bes, wato abin da ke ƙara kaurin sauti a na'urarka, domin yana dagula jita. Ƙarar sauti kuma kada ta wuce rabi da ɗan ɗoriya, saboda lafiyar kunnenka.

3. Karon farko, bi jita kawai. Kama salon da ake maimaitawa, ka lura da inda gudu ke karyewa ya koma tafiya mai nauyi. Daɗin yana nan.

4. Karo na biyu, rarrabe makaɗan jita biyu. Chuck Schuldiner yana jan zaren karin sauti a tsare, Rick Rozz kuwa yana girgiza ƙaramar sandar da ke lanƙwasa sautin jita har jitar ta yi kururuwa. Wanda ya gane wannan ya fara jin kundin da gaske.

5. Sai a ƙarshe ka buɗe baitoci kana bin gurnanin Schuldiner, wanda shi ne kuma mawaƙin. Cuta da mutuwa suke magana a kai, don haka a nisanta yara.