Idan Ɗanka Ya Cika 21 a Birtaniya, Tallafin Haya Zai Ragu

A gida, ɗa yana gaban iyayensa har ya yi aure, 'ya mace kuwa sai ranar da aka kai ta ɗakin miji. Ba wanda ke tambayarsu kuɗin haya. A Birtaniya lissafin hukuma daban ne: baligin da ke kwana a gidanka, a wurinsu yana taimakawa da haya, ko da ko sisi bai taɓa ba ka ba.

Maganar ta shafi masu izinin zama na dindindin, 'yan ƙasa da 'yan gudun hijira. Mai bizar aiki ko ta karatu galibi an hana shi tallafin gwamnati tun farko.

Idan kana karɓar Universal Credit, wato tallafin wata-wata da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi, da zarar ɗanka ko 'yarka ta cika shekara 21, ma'aikatar ayyuka da fansho (DWP) za ta rage abin da take ba ka na haya. A shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025, fam 91.47 ne kowane wata a kan kowane mutum ɗaya. Yana aiki ko yana zaman kashe wando, duk ɗaya. Kasancewarsa ɗalibin jami'a ma ba ta cece shi. Idan kuma ya kawo amarya ɗakinsa, kamar yadda muka saba, to kaso biyu za a cire, idan ita ma ta kai 21.

Akwai waɗanda ba a cirewa a kansu: mai karɓar tallafin naƙasassu na PIP ɓangaren hidimar yau da kullum, mai alawus ɗin kula da mara lafiya, da wanda ke rainon yaro ƙasa da shekara 5. Idan kai maigidan ko uwargida ke karɓar wannan PIP ɗin, ba a cire komai a kan kowa. Dattawan da ke kan tsohon tsarin tallafin haya na Housing Benefit su lura, nasu yana farawa ne daga shekara 18, kuma gwargwadon albashin yaron ake cirewa.

Kada ka ce a kore shi a huta. Idan gidan kansila ne, wato na ƙaramar hukuma, ɗakin da ya bari ya zama rara, sai a zaftare kashi 14 cikin ɗari na hayar da ake lissafa maka, ɗaki biyu kuwa kashi 25.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa rami shi ne shiru. Ɗan ƙaninka ya sauka da jakarsa "na sati biyu", wata shida yana kan kujerar falo, ba a sanar ba. Ranar da aka gano, za a karɓe rarar da aka biya ka daga tallafin watanni masu zuwa, wani lokaci har da tarar fam 50. Duk wanda ya shigo, ya fita, ko ya haihu, ka rubuta a shafinka na Universal Credit a ranar, ka kuma sanar da kansila daban saboda harajin gida.

Shi kuma yaron, tun kafin ranar haihuwar ta zo, a zaunar da shi a nuna masa takardar. Kunya ce ke hana iyaye da yawa, amma fam casa'in da ɗoriya a wata ba ta fi ƙarfin mai aiki ba.