In jirgin feshin jan-baki zai zo yankinku, ga abin da ya kamata ku yi

Jama'a, musamman manoman shinkafa na Auyo, Hadejia, Kirikasamma da Guri, duk sanda tsuntsun jan-baki ya sauka mana a gona kira muke gwamnati ta turo jirgi, to amma wallahi ba kasafai muke tunanin bawan Allahn da ke cikin jirgin ba, alhali tuƙin feshi na cikin tuƙin da ya fi haɗari, kuma akwai abin da mu ne kaɗai za mu iya yi masa.

Jirgin feshi ƙasa-ƙasa yake tafiya, wani lokaci mita 3 zuwa 5 ne kawai tsakaninsa da kan amfanin gona, ga gudu ya kai kilomita 200 a awa, wato kusan mita 55 kenan duk daƙiƙa ɗaya, kafin ka ce kwabo ya wuce gonarka. Feshin jan-baki kuma dab da magariba ake yinsa lokacin da tsuntsayen suka koma makwancinsu cikin kachalla, haske ya ragu, garken tsuntsu na iya tashi ya daki gilashi ko injin, kuma in injin ya tsaya a wannan tazarar babu sararin da matuƙi zai nemi wurin sauka.

Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kayar da jiragen feshi shi ne waya. Matuƙi ba ya ganin wayar wuta daga nesa, falwaya yake nema da ido ya gane inda ta bi, to in falwayar ta ɓuya bayan kuka ko mangwaro shi kenan. Don haka in malaman gona na JARDA, wato hukumar bunƙasa noma ta jihar Jigawa, ko masu binciken makwanci sun zo, kar a barsu da dagaci kaɗai, a samu wanda ya san fadamar ciki da bai ya zaga da su, ya nuna musu duk wayar da ta ratsa, har wadda aka daina ba ta wuta, da wadda wani ya ja zuwa injin ban-ruwa, da ƙarfen sabis da igiyoyin ƙarfen da suka ɗaure shi, da giginyar da ta tsaya ita kaɗai tsakiyar fili. Sabon abu da aka kafa bana shi ya fi zama dole a faɗa, don ba lallai yana cikin taswirarsu ba.

Ranar feshi a sanar a masallaci tun azahar. Yara su ne damuwata, da sun ji ƙara sai su kwasa a guje zuwa kallo, wasu har da haska tocila ko harba danƙo, don Allah iyaye a tsare su a gida. Makiyaya su janye shanu, masunta su fito daga ruwa, a rufe rijiya da randuna.

Maganin da aka saba fesa wa jan-baki, fenthion, guba ne ga mutum ma. Kar a tsinci tsuntsun da ya faɗi a soya ko a kai kasuwa, a tattara da safar hannu a binne, kar kare ko shaho su ci. Wanda feshin ya taɓa ya cire kayan ya yi wanka da sabulu, in aka ga yawu na zuba, zufa, amai, ko numfashi na sarƙewa, a wuce asibiti kai tsaye a gaya musu maganin feshi ne, kar a tsaya ɗura masa manja ko nono.

In kuma Allah ya kiyaye jirgin ya faɗi, kar a yi masa dafifi, akwai mai akwai guba, kuma wayar da ya tsinka tana iya kasancewa da wuta. Mutum biyu ko uku manya su tunkare shi ta inda iska ke bugun bayansu su taimaki matuƙin, sauran su ja baya su kira 'yan sanda da motar asibiti.