Yadda Ake Raɗa wa Buɗaɗɗiyar Manhaja Suna Ba Tare da Shiga Gonar Wani Ba

Matasanmu na unguwannin Nima da Maamobi a Accra, Ghana, da ke rubuta manhaja su saki tushenta ga kowa sukan ɗauka cewa lasisin da suka liƙa mata, GPL ne ko MIT, ya gama komai. Lasisi yana magana ne a kan rubutun manhajar, suna da tambari kuwa suna ƙarƙashin dokar alamar kasuwanci, har ma lasisin Apache 2.0 ya faɗa ɓaro-ɓaro a sashe na 6 cewa bai ba da izinin amfani da su ba.

Saboda haka ka fara da bincike tun kafin kowa ya ji sunan. Duba rumbun alamomi na WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, da GitHub, dandalin da ake ajiye tushen manhajoji, da shagunan manhajojin waya. Firefox da muka sani Phoenix aka fara kiransa, kamfanin Phoenix Technologies ya ƙi yarda, aka koma Firebird, sai ga wata manhajar adana bayanai mai wannan suna, kafin a tsaya a kan Firefox a 2004.

Ka guji sunan da ke bayyana aikin kawai. Wanda ya rubuta manhajar lissafin adashi ya kira ta Susu, wato sunan adashi a Ghana, zai sha wuya wajen rajista, domin kalma ce da kowace mai tumatir a kasuwar Makola ke da haƙƙin faɗa.

Abin da aka fi sakaci da shi, a ganina, shi ne wa ke riƙe da sunan. Kai da abokan aikinka ku rubuta wannan a takarda tun kuna shiri da juna. Masu aikin manhajar Hudson sun sauya mata suna zuwa Jenkins a 2011 ne saboda ikon sunan yana hannun kamfanin Oracle.

Daga nan sai rajista a ofishin Babban Magatakarda da ke Accra, bisa dokar alamun kasuwanci ta 2004, a rukunin kayayyaki na 9 idan manhajar saukewa ce, ko na 42 idan hidima ce ta intanet. Kariyar shekara goma ce, ana sabuntawa, kuma iyakarta Ghana.

Ka kuma rubuta ƙa'ida a fili ga masu gyara manhajar su raba tasu: su ci gaba da sunanka ko su sauya? Saɓani a kan wannan ne ya sa Debian, ƙungiyar da ke haɗa wani nau'in babbar manhajar kwamfuta ta Linux, ta raba Firefox da sunan Iceweasel daga 2006 zuwa 2016.