Neman diyya idan allurar rigakafi ta yi lahani: daga karne zuwa kotu

Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu, kumburin wurin allura, ko ɗan gyambon da BCG, allurar rigakafin tarin fuka, ke bari a hannu ba a biyan diyyarsu, alamar allura ta kama ce. Lahani mai nauyi ake nufi: kwanciya asibiti, shanyewar ƙafa, naƙasa ta dindindin, ko rasuwa.

Irin wannan magana a makon farko ake cin ta ko a faɗi. A koma CSI ɗin, wato cibiyar lafiyar da aka yi allurar, a nemi manjo, shugaban cibiyar, ya cike takardar MAPI, wadda da ita ake sanar da hukumar lafiya duk abin da ya biyo bayan rigakafi. Sannan a buɗe karne, wato katin rigakafi, a duba abu uku: ranar allura, sunanta, da lambar da ke jikin kwalbar, wadda ma'aikata ke ce wa lambar lo. Sau da yawa gurbinta fayau yake, sai a roƙa a kwafo ta daga rajista tun shafin bai yi nisa ba. Da wannan lamba ake gane ko maganin ne da kansa, ko ajiya ce ta ɓaci, ko hannun mai allura ne ya kuskure.

Abin da ya fi ɓata hujja shi ne a fara kai yaro wurin wanzami ya yi wa kumburin sakiya. Daga nan ba likitan da zai iya shaida wane ne ya jawo ciwon. A ɗauki hoto kullum, a adana takardun magani da rasit ɗin farmasi, ko na jika ɗaya ne, a kuma karɓi sartifika daga likitan da ya duba majinyacin.

Ƙofar da za a ƙwanƙwasa ta danganta da inda allurar ta fito. Ga rigakafin korona da ya shigo ta COVAX, tsarin duniya na raba wa ƙasashe rigakafin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin diyya a 2021 domin ƙasashe 92, har da Nijar. Kamfanin ESIS ke karɓar takardu ta intanet, kyauta, ba lauya, kuma ba sai an nuna laifin kowa ba. Naƙasa ta dindindin da rasuwa yake biya, dunƙule ɗaya, kuma wanda ya karɓa ya yafe zuwa kotu. Shirin na da wa'adi, a duba shi kafin komai. Allurar da wata ƙasa ta ba Nijar kyauta kai tsaye ba ta ciki, shi ya sa lambar lo ta zama dole, don a gane inda allurar ta fito.

Sauran alluran kuwa galibi sai shari'a. In asibitin gwamnati ne, a fara rubuta wa ma'aikatar kiwon lafiya takardar neman diyya, a faɗi adadin kuɗin, a tabbata an buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za a riƙe. In an ƙi ko an yi shiru, sai ƙara gaban alƙalin da ke duba rikici da hukuma. Kada a yi nawa, lokacin shigar da ita ƙayyadadde ne. In kilinik mai zaman kanta ce, aya ta 1382 ta kundin dokar farar hula ce madogara: laifi, lahani, da alaƙar da ke tsakaninsu. Alaƙar ce mai wuya, don haka tun zaman farko lauya ya nemi alƙali ya naɗa ƙwararren likita mai bincike.

Wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya ya je ofishin ANAJJ, hukumar ba da taimakon shari'a, a babbar kotun Yamai da takardar shaidar rashin hali daga ma'aikatar magajin gari.