Yadda ake gwada lensin kyamara na hannu, da abin da ke gyaruwa a cikinsa

Yawancin masu sayen lensi na hannu tocila suke fara haskawa a ciki, da sun ga ƙura sai su fasa ciniki. Ƙurar nan kuwa ita ce mafi ƙarancin illa. Lensi mai zum iska yake zuƙa duk lokacin da aka ja shi, don haka da wuya a samu wanda ya yi shekara ana aiki da shi ba ƙura a cikinsa, kuma ba ta fitowa a hoto. Abin da ke ɓata hoto galibi ido ba ya ganinsa, sai an ɗauki hoton gwaji.

Fara da jikinsa. Dubi bakin gaba inda ake ɗaura filta: idan ya lotsa, lensin ya taɓa faɗuwa, to ka tsananta gwajin kusurwoyi da ke tafe. Dubi kawunan sukurorin baya. Idan sun cinye ko sun ƙwarzane, wani ya taɓa buɗe shi da sukundireban da bai dace ba. Juya zoben fokas daga farko zuwa ƙarshe a hankali. Ya tafi sumul, ba cijewa, ba ƙarar yashi. Mai zum kuma ka kifa shi ƙasa ka ga ko yana zamewa da kansa.

Sannan tocila. Cire murfi biyun, buɗe ƙofar hasken (kafar da haske ke bi a cikin lensi) gaba ɗaya, ka haska daga baya a karkace kana leƙe ta gaba. Abu huɗu ake nema. Fumfuna tana kama da saƙar gizo-gizo, daga gefe take farawa tana rassa. Hazo fari-fari ne da ya shimfiɗu a kan gilashi ɗaya, yawanci tururin giris ne, shi ke sa hoto ya yi fayau idan an fuskanci haske. Launin bakan gizo a gefe alama ce cewa gam ɗin da ya haɗa gilashi biyu ya saki, wannan ba gyaran gida ba ne. Na huɗu ƙwarzane, kuma na gilashin baya ya fi na gaba muni nesa ba kusa ba, domin ya fi kusa da sensa, wato farantin da ke ɗaukar hoton a cikin kyamara.

Ganyayen ƙofar haske su kasance a bushe. In suna ƙyalli, mai ya malalo musu, za su riƙa makara wajen rufewa. A tsofaffin lensunan Nikon akwai ɗan hannu a baya: ja shi ka saki, ganyayen su koma nan take. Na Canon EF da lantarki suke aiki, dole sai a kan kyamara. Sa f/16 (lambar f ce ke nuna girman ƙofar haske, babbar lamba ƙaramar kafa), ka ɗauki hoto goma a jere na farin bango ba tare da sauya komai ba. Idan wasu sun fi wasu haske, ganyayen ba sa rufewa a kan lokaci.

Gwajin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne na kusurwoyi, don shi ke tona gilashin da ya goce daga tsakiya bayan faɗuwa ko mugun gyara. Nemi abu mai nisa da ke da ƙananan siffofi, kamar eriya ko allon rubutu, nisan mita hamsin ko fiye. Buɗe ƙofar hasken gaba ɗaya, saita fokas a kansa yana tsakiyar hoto, sannan ka mayar da fokas na hannu kada ka sake taɓa shi. Juya kyamarar yadda abin zai faɗa kusurwar sama ta hagu, ɗauka. Haka sauran kusurwoyi ukun. Gudun shata, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, ya kai 1/500 na daƙiƙa ko fiye, don kada rawar hannu ta ruɗe ka. A kwamfuta, buɗe hotuna huɗun a girman kashi 100. Kusurwa ta fi tsakiya laushi a kusan kowane lensi, wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne ɗaya ta dagule alhali ta kishiyarta tana da kaifi. Mai zum a gwada shi sau uku: farko, tsakiya da ƙarshen zum, don yakan yi lafiya a 24mm ya gaza a 70mm.

Sai fokas mai sarrafa kansa. A kyamarar DSLR, wato mai madubi a ciki, na'urar fokas daban take a ƙarƙashin madubi, shi ya sa takan saɓa da sensa, kaifin ya faɗa gaba ko bayan abin da aka nufa. Kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, nisan da ya kai ninki 50 na tsawon lensin da ke rubuce a jikinsa da mm, wato mita biyu da rabi ga lensin 50mm. Tsayar da kwali mai baƙin rubutu, ka jingina rula a karkace a gefensa, wata lamba da ka zaɓa tana daidai da fuskar kwalin. Kashe mai hana rawa, sa jinkirin daƙiƙa biyu, ISO (ma'aunin karɓar hasken sensa) 100. Ɗauki hoto biyar, kana dagula fokas kafin kowanne. Idan duk biyar sun kauce gefe ɗaya, saiti ne kawai: kyamarori da yawa na Canon da Nikon suna da gyaran fokas daga −20 zuwa +20, alamar ƙari tana tura kaifin nesa da kyamara. Idan kuwa wannan ya faɗa gaba wancan baya, motar ko giyar lensin ce ta yi sako-sako. Kyamara marar madubi a kan sensa take auna fokas, ba ta cika samun wannan saɓani ba.

Wajen kwatanta lensi biyu, kada a sauya komai sai lensin. Kyamara ɗaya, haske ɗaya, RAW (ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba), fokas na hannu da hoton allo a faɗaɗe. Ɗauka a f/2.8, f/4, f/5.6, f/8 da f/11, kana ninka lokacin shata a kowane mataki: 1/500, 1/250, 1/125, 1/60, 1/30. A kwatanta f/4 da f/4. Haɗa mai f/1.4 a buɗe da mai f/2.8 a buɗe zalunci ne ga na farkon. Yawancin lensuna sun fi kaifi tsakanin f/5.6 da f/8, daga f/16 kuma duk sukan yi laushi saboda lanƙwasar haske a ƙaramar kafa.

Gyaran gida kuwa yana da iyaka. Gilashin waje: hura da famfon roba tukuna, don ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin ƙyalle ta isa ta ja layi. Ɗiga sifirit na aisofirofil a kan ƙyallen, ba a kan gilashi ba, ka goge daga tsakiya kana zagayawa zuwa gefe. Idan kyamara ta daina gane lensi, goge 'yan ƙarafan zinaren da ke baya da wannan sifirit kafin ka yi tunanin komai.

Tsohon lensi mai fokas na hannu marar lantarki ana iya buɗe shi. Sukurorin lensunan Japan ƙirar JIS ne, wato ma'aunin masana'antun Japan, sukundireban Phillips yana cinye kansu. Ɗauki hoton kowane mataki, ka yi alama da fensir a gefen kowane gilashi don kada ya koma a juye. Fumfunar da ba ta daɗe ba tana fita da haidirojin feroksaid mai kashi 3. Wadda ta daɗe ta riga ta ci rufin gilashin, tabonta ba ya gogewa. Idan za ka kwance zaren fokas don sauya giris, yi alama daidai inda sassan biyu suka rabu, domin mashigarsa da yawa ce, kuskure ɗaya zai hana lensin kama nesa. Mai zum da mota a bar wa mai gyara: akwai siraran wayoyi masu saurin yagewa da 'yan zobban awo da ba sa komawa daidai sai da na'ura.

Bayan gyara, a ajiye lensi a akwati mai rufuwa sosai da ƙunshin silika, danshi tsakanin kashi 40 zuwa 50, kada a bar shi cikin jakar fata. Sama da kashi 70 fumfuna na dawowa.