Darasi na 7: Furen Saƙa da Furen Bugawa

Iyayena da 'yan'uwana, kowa ya fito da ƙyallen shadda da na ce a zo da shi daga wurin tela. Wanda ya manta ya matsa kusa da maƙwabcinsa, ba komai.

Ku karanta tare da ni: fu-re. za-re. sa-ƙa. ju-ya.

Furen atamfa bugawa aka yi da rini a kan yadin da aka riga aka saƙa. Furen shadda kuwa tun a masaƙa aka fitar da shi, da zaren yadin kansa. Zaren tsaye ya hau bisa a wani wuri, zaren kwance ya hau a wani, sai haske ya bambanta su. Shi ya sa farar shadda ke da fure alhali launinta ɗaya. Injin da ya sauƙaƙa wannan aiki wani Bafaranshe mai suna Jacquard ya fito da shi a 1804.

Yanzu ga aiki. Ka shimfiɗa ƙyallen a cinyarka. Ka rufe ido, ka shafa da tafin yatsa, ba da farce ba. Ka ji inda santsi ya ƙare, wani ɗan kaushi ya fara? Bakin furen ke nan. Madalla.

To, ka juya shi.

Juya, bayansa ya koma sama. Furen da ke ƙyalli a gaba ya dushe a baya, filin da ya dushe kuma shi ke ƙyalli. Furen bugawa ba ya yin haka. Ka gani? Idan ba ka gani ba, ka matsa bakin ƙofa inda rana take, ka sake juyawa. Inna, ba zagaya shi za ki yi kamar faifai ba, kifewa za ki yi, kamar yadda ake juya waina a tanda. Yawwa. Sake. Gaba, baya. Gaba, baya.

Haba jama'a! Sati uku ina faɗin wannan, amma jiya na ga wani daga cikinku a Babbar Kasuwar Sakkwato yana taya yadi ko ninkinsa bai warware ba, don kawai an rubuta Getzner, sunan fitacciyar shaddar nan, a baki. Getzner ta gaskiya a Ostiriya ake saƙa ta, rubutu kuwa kowa na iya bugawa. Sitaci ma yana sa ƙyalli, wanki ɗaya ya tafi. Kuɗin gumin naka ne. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a ba ni in juya."

Darasi na 8: Auduga ko Roba

Zare sili ɗaya daga bakin ƙyallen, ka kyasta masa ashana a waje. Auduga tana zama toka, da warin takarda. Roba narkewa take ta dunƙule. Ban da yara a kusa.

Darasi na 9

Rubuta: saka, saƙa. Kula da lanƙwasar ƙ. Sau biyar-biyar.