Yadda Ake Gano Gudun Jirgin Sama da na Iska da Tagwayen Lissafi

Ɗaliban da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO kan ci karo da irin wannan tambaya. A ce jirgi ya tashi daga Gombe zuwa wani gari mai nisan kilomita 1,200, iska na tura shi daga baya, ya isa cikin awa 2, amma da zai dawo yana fuskantar iskar sai ya ɗauki awa biyu da rabi. Mene ne gudun jirgin, kuma mene ne gudun iskar?

Da farko, a kira gudun jirgin x, gudun iskar kuma y. Tunda ana samun gudu ne ta hanyar raba nisa da lokaci, tafiya ta ba da x + y = 600, dawowa kuma x − y = 480; waɗannan layuka biyu da ake warwarewa tare su ne tagwayen lissafi. Nan ne aka fi yin tuntuɓe, domin wasu kan manta cewa iskar da ta ƙara wa jirgi gudu a tafiya, ita ce za ta rage masa a dawowa.

Idan aka tara layukan biyu, y zai ɓace, a sami 2x = 1,080, wato jirgin na gudun kilomita 540 a awa. A cire 540 daga 600, saura 60, gudun iskar ke nan.